Jirage Marasa Matuƙi da Hasken Leza: Sabon Ma'auni a Ayyukan Gine-gine

Duk wata hanyar mota ko gada ko madatsar ruwa ko layin dogo da aka gina a ƙasar nan, kafin katafila ta fara turar ƙasa sai da 'yan safiyo suka riga ta shiga dajin. Su ne ke auna tsawo da faɗi da tudu da gangare, kuma a kan alƙaluman da suka komo da su ne injiniya ke zana aikin, mai ƙiyasta kuɗi ya fitar da farashinsa, ɗan kwangila ya sa hannu, gwamnati kuma ta biya. Idan awon ya karkace tun daga farko, to lissafin kuɗin ma ya karkace ke nan, kuma galibi ba a farga sai aiki ya yi nisa, lokacin da ɗan kwangila zai dawo ma'aikata riƙe da takardar neman ƙarin kuɗi.

A cikin shekarun baya-bayan nan wasu na'urori biyu sun sauya yadda ake gudanar da wannan awo a ƙasashe da dama. Ta farko ita ce ƙaramin jirgin sama maras matuƙi mai ɗauke da kyamara, ta biyu kuma ita ce na'urar auna tazara da hasken leza, wadda masana ke kira LiDAR. Muhimmancinsu ga tattalin arziki ya wuce saurin aiki kawai, domin sun mai da yawan ƙasar da aka haƙa ko aka zuba abin da kowane ɓangare zai iya sake aunawa ya tabbatar da kansa. A ƙasar da ake yawan taƙaddama tsakanin hukumomi da 'yan kwangila a kan adadin aikin da aka yi, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Yadda aka saba yi

Aikin safiyo tsohuwar sana'a ce a Nijeriya. Makarantar Koyon Safiyo ta Tarayya da ke garin Oyo ta samo asali ne tun daga 1908, kuma marigayi Herbert Macaulay, wanda aka fi sani da gwagwarmayar siyasa, shi kansa ɗan safiyo ne mai lasisi. A zamaninsu sarƙar ƙarfe ce ma'auni, tare da madubin hange mai ƙafa uku da sandar awo mai lambobi. Daga baya aka sami na'urorin lantarki masu auna kusurwa da tazara a lokaci guda, sannan na'urorin da ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam suka biyo baya.

Duk da wannan ci gaba, tushen aikin bai sauya ba. Dole ne mutum ya taka da ƙafarsa zuwa kowane wurin da ake son sanin tsayinsa, ya tsayar da sanda, a karanta, a rubuta. A aikin hanya, alal misali, akan yanka layi a gicciye bayan kowace mita 20 ko 25, a auna wurare kaɗan a kan layin, sa'an nan a ɗauka cewa ƙasar da ke tsakanin layi da layi ta bi sahun abin da aka auna. Idan akwai kwazazzabo ko tsauni ko tsohon kududdufi a tsakani, wanda sanda ba ta taka ba, to lissafi bai san da shi ba. Ƙwararren ɗan safiyo yakan rage irin wannan kuskure ta hanyar ƙara awo a inda idonsa ya ga ƙasa ta sauya, amma lokaci da kuɗin da aka ba shi su ke yanke masa iyaka.

Yadda sababbin na'urorin ke aiki

Jirgi maras matuƙi yana bin hanyar da aka tsara masa a kwamfuta, yana kai da komowa a saman fili kamar mai huɗa, yana ɗaukar hotuna ɗaruruwa ko dubbai. Ana tsara tafiyar ta yadda kowane hoto zai maimaita kamar kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na abin da wanda ya gabace shi ya ɗauka. Saboda haka kowane dutse da kowane kututture yakan fito a hotuna da yawa, daga kusurwoyi dabam-dabam. Kamar yadda idanu biyu ke ba mutum damar gane nisan abu, haka kwamfuta ke gwama hotunan ta fitar da matsayi da tsayin kowane ɗigo a filin. Idan jirgin ya tashi kimanin mita 100 da kyamara mai kyau, kowane ɗigo na hoton yakan wakilci santimita biyu zuwa uku a ƙasa.

Ita kuwa na'urar leza ba ta dogara da hoto. Tana harba ɗan siririn haske ne, ya daki abu ya dawo, ita kuma ta ƙidaya lokacin da ya ɗauka. Tun da yake haske na gudun kusan kilomita 300,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, zuwa da dawowa daga abin da ke nisan mita 150 yana cin kashi ɗaya ne kacal cikin miliyan na daƙiƙa. Na'urar tana maimaita haka tana jujjuyawa, kuma manyan cikinsu kan auna ɗigo miliyan ɗaya ko fiye a daƙiƙa guda. Abin da ke fitowa shi ne tarin ɗigo masu kama da hazo, wanda idan aka buɗe shi a kwamfuta sai a ga siffar gini ko gada ko tudu tsaf, ana iya juya ta, a yanka ta, a auna kowane sashe nata. Akwai wadda ake kafawa a kan ƙafa uku a ƙasa, akwai wadda ake ɗorawa a kan mota, akwai kuma wadda jirgi ke ɗauka.

An ƙirƙiro hasken leza a 1960, kuma a 1971 kumbon Apollo 15 na Amurka ya yi amfani da shi wajen auna tudu da kwarin duniyar wata. Sai a ƙarshen shekarun 1990 ne na'urar da ake kafawa a wurin gini ta shigo kasuwa, da tsada mai yawa. Abin da ya sauko da wannan fasaha zuwa hannun matsakaitan kamfanoni shi ne arahar ƙananan jirage, musamman na kamfanin DJI na ƙasar Sin, da kuma ƙaruwar ƙarfin kwamfuta.

Kowace daga cikin hanyoyin biyu tana da inda ta fi. Hoto ya fi araha, kuma yana ba da launi da kamannin wuri, amma abin da kyamara ta gani kawai yake aunawa. Idan ciyawa ta rufe ƙasa da damina, saman ciyawar zai auna ya ce shi ne doron ƙasa. Hasken leza kuwa yakan kutsa ta 'yan kafofin da ke tsakanin ganyaye ya taɓo ƙasa, don haka shi ya fi dacewa da dazuzzukan kudu da kurmin tsakiyar ƙasar nan, yayin da hoto kan wadatar a sararin arewa da rani.

Inda kuɗin yake

A aikin hanya da madatsar ruwa, haƙa da cikon ƙasa na daga cikin sassan da suka fi cin kuɗi, kuma ana biyansu ne bisa yawan kyubik mita, wato tulin ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya. Ƙaramin lissafi zai nuna girman abin da ke ciki. A ɗauka ana gina hanya mai tsawon kilomita 10, faɗin wurin aikin kuma mita 20. Filin ya kama murabba'in mita 200,000 ke nan. Idan aka yi kuskuren santimita 10 kacal a tsayin ƙasa, wato abin da bai kai taƙi ɗaya ba, bambancin zai kai kyubik mita 20,000. Idan tifa ɗaya tana ɗaukar kyubik mita 10, to ana maganar sawu 2,000 na jar ƙasa, waɗanda ko dai gwamnati ta biya kuɗinsu ba a zuba ba, ko kuma ɗan kwangila ya zuba ba a biya shi ba.

Idan aka auna wannan da manyan ayyukan da ke gaban ƙasar nan, sai a ga abin ya ninka sau ɗaruruwa. Hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, wadda aka fara a 2024, ta kai kimanin kilomita 700. Ta Sakkwato zuwa Badagry, wadda ita ma aka ƙaddamar a wannan shekarar, ta haura kilomita 1,000. Bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano yana da tsawon kilomita 614, layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi kuma kilomita 284. A irin waɗannan ayyuka, 'yan santimitoci a takarda su ne biliyoyin naira a baitulmali.

Amfanin sabon awon a nan shi ne ana iya ɗaukar siffar filin kafin a fara aiki, a sake ɗauka a ƙarshen kowane wata, a ɗora wannan a kan wancan. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne ainihin ƙasar da aka kwashe ko aka zuba, kuma mai binciken kuɗi da ke zaune a ofis yana iya sake lissafin da kansa ko da bayan shekaru. Haka nan ake auna tulin tsakuwa a wurin fasa duwatsu, ko yashi a ma'ajiyar kamfani, ba tare da an sa ma'aikaci ya hau tulin yana zamewa ba. Bankin da ya ba da rancen gina rukunin gidaje shi ma yana iya ganin inda aiki ya tsaya kafin ya saki kaso na gaba.

Akwai kuma batun diyya, wanda ya sha tsayar da ayyuka. Hoton sama mai ɗauke da kwanan wata, wanda aka ɗauka ranar da aka sanar da hanyar da aiki zai bi, yana nuna kowane gida da rijiya da bishiya da gonar da ke wurin a wannan rana. Yana kare talakan da za a iya tsallake sunansa a jerin masu karɓar diyya, yana kuma tona asirin wanda ya yi sauri ya kafa bulo da daddare don ya shiga jerin.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

A Japan, inda ma'aikatan gini ke tsufa kuma matasa ba sa shiga sana'ar, kamfanin Komatsu mai ƙera manyan motocin aiki ya fara a 2015 wani tsari na auna filin aiki da jirage marasa matuƙi, a tura taswirar cikin kwamfutar katafila, ta yadda ruwan ƙarfenta zai yanki ƙasa daidai zurfin da aka zana. Daga 2016 ma'aikatar da ke kula da filaye da sufuri ta ƙasar ta shigar da irin wannan awo cikin ƙa'idojin ayyukan gwamnati. Abin lura a nan shi ne gwamnati, a matsayinta na babbar mai ba da kwangila, ita ce ta ja kasuwa ta bi.

Ƙasar Holan, wadda kusan rubu'inta ke ƙasa da matakin teku, ta fara auna tsayin ƙasarta baki ɗaya da leza daga jirgin sama tun a ƙarshen shekarun 1990, kuma tana maimaitawa lokaci-lokaci don lura da shingayen da ke tare mata ruwa. A nan Afirka, gwamnatin Zanzibar ta fara a 2016 wani shiri na zana taswirar tsibiranta da ƙananan jirage, bisa tallafin Bankin Duniya, inda aka horar da ɗaliban jami'ar tsibirin suka riƙa tuƙa jiragen da kansu.

Misalin da ya fi shahara shi ne na majami'ar Notre-Dame da ke birnin Paris. Shekaru kafin gobarar 15 ga Afrilu, 2019, wani masanin tarihin gine-gine mai suna Andrew Tallon ya auna ginin da leza, ya tara ɗigo sama da biliyan ɗaya. Ya rasu a 2018, amma awon nasa na daga cikin bayanan da masu gyara suka samu a hannu, har aka sake buɗe ginin a watan Disamba na 2024. Wannan darasi ne ga masu kula da gine-ginen ƙasa irin su Hasumiyar Gobarau ta Katsina da abin da ya rage na badalar Kano, waɗanda kowace damina ke zaizaya. Tsofaffin masana'antu da gadoji da zanensu na asali ya ɓace su ma suna buƙatar irin wannan awo kafin a taɓa su da gyara.

Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 sakamakon ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, da waɗanda suka shafi jihohi da yawa a 2012 da 2022, sun nuna wata buƙatar. Ruwa gangare yake bi, kuma a gari mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa bambancin rabin mita ne ke raba unguwar da za ta nutse da wadda za ta tsira. Taswirar tsayi mai inganci ita ce ke gaya wa hukuma inda za ta haƙa magudana da inda bai kamata ta yanka filaye ba.

Matsalolin da ke gaba

Na farko shi ne izini. A watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa ta hana tayar da jirgi maras matuƙi a sararin samaniyar Nijeriya ba tare da amincewarta da ta Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro ba, kuma shigo da irin waɗannan jirage yana buƙatar takardar shaida daga wannan ofishi. Dokokin hukumar na 2023 sun ware sashe na musamman a kansu. Dalilin tsaron a fili yake, ganin cewa ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a yankin Tafkin Chadi da Sahel sun yi amfani da ƙananan jirage. Sai dai ta fuskar kasuwanci, duk ranar da aka ɓata ana jiran takarda kuɗi ne, kuma ƙaramin kamfani ya fi babba jin nauyin jiran.

Na biyu shi ne kuɗin musaya. Jirgin da kyamarar da batura da na'urar leza da lasisin manhajar da ke sarrafa bayanan, duk da dala ake sayensu, wasu kuma duk shekara ake sabunta biyansu. Kafin watan Yuni na 2023 ana canza dala a hukumance a kan kimanin naira 460, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Tsohon salon safiyo ya dogara ne a kan ma'aikata da ake biya da naira, sabon kuwa ya dogara a kan jari da ake biya da dala. Na'ura mai tsada ba ta mayar da kuɗinta sai tana aiki kusan kullum, don haka akwai yiwuwar manyan kamfanoni kaɗan su mamaye fagen, sai fa idan ƙananan ofisoshin safiyo sun haɗa jari ko kuma an sami masu ba da hayar kayan.

Na uku shi ne yanayi. Ƙurar hunturu tana dushe hoto, zafin bazara yana gajiyar da batur, wanda dama a ƙananan jirage masu farfela bai cika wuce minti 30 zuwa 40 ba, iska mai ƙarfi kuma tana hana tashi. Daga hoto har lezar da aka saba amfani da ita babu mai ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa mai laka, balle bututu ko wayar da ke binne. Bayanan aiki ɗaya kan cika kwamfuta, kuma sarrafa su yana son wutar lantarki marar yankewa.

Na huɗu, wanda ya fi sauran haɗari domin ba a ganinsa da ido, shi ne kyakkyawar taswira mai ɗauke da kuskure. Hoton sama yana iya fitowa sumul alhali dukkansa ya goce daga ainihin wurinsa. Don haka dole ne a kafa alamomi a ƙasa, a auna su da na'ura mai inganci, a ɗaure taswirar a kansu, a kuma ware wasu don gwaji. Bugu da ƙari, tsofaffin taswirori da takardun filaye na ƙasar nan an gina su ne a kan ma'aunin da tushensa ke Minna, yayin da taurarin ɗan'adam ke amfani da ma'aunin duniya. Tsakanin biyun akwai bambancin gomman mitoci, abin da ya isa ya jefa iyakar fili cikin gonar maƙwabci idan wanda bai san aikin ba ya gwama su. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa tashoshin dindindin masu karɓar saƙon taurari tun daga 2008 domin a sami tushe ɗaya, kuma amfanin sababbin na'urorin ya rataya a kan yawan waɗannan tashoshi da ci gaba da aikinsu.

Makomar ɗan safiyo

Wasu na fargabar cewa jirgi zai kori ɗan safiyo daga aiki. Gaskiyar magana ita ce masu riƙe sanda da masu sarar daji don buɗe layi za su ragu, kwanakin da tawaga ke yi a daji su ma za su ragu, abin da ke da amfani a yankunan da ake fama da rashin tsaro. Amma alhakin awo yana nan a wuyan mutum. Dokar soja mai lamba 44 ta 1989, wadda ta kafa Majalisar Kula da Aikin Safiyo ta Nijeriya, ta taƙaita sana'ar ga waɗanda majalisar ta yi wa rajista, kuma sa hannunsu ne ke ba taswirar fili daraja a gaban hukuma da kotu. Mallakar jirgi ba ta mai da mai ɗaukar hoton biki ɗan safiyo. Abin da kasuwa za ta ƙara nema shi ne matashin da ya haɗa ilimin awon ƙasa da tuƙin jirgi da sarrafa bayanai, kuma nauyin samar da shi yana kan jami'o'i da kwalejojin fasaha da ke koyar da safiyo.

A ƙarshe dai, gwamnati ce ke riƙe da linzamin. Dokar Bayar da Kwangiloli ta 2007 ta ɗora wa hukumomi nauyin tabbatar da cewa kuɗin jama'a sun sayi abin da ya dace da su. Idan ma'aikatun ayyuka na tarayya da na jihohi suka sanya a cikin sharuɗɗan manyan kwangiloli cewa ba za a biya kuɗin haƙa da ciko ba sai an gabatar da awon kafin aiki da na bayansa, wanda ɗan safiyo mai rajista kuma mai zaman kansa ya sa wa hannu, aka kuma adana bayanan a inda Babban Mai Binciken Kuɗi zai iya duba su, to kamfanoni za su sayi kayan ba tare da an roƙe su ba. Idan aka haɗa wannan da hanyar samun izini mai wa'adi sananne ga ofisoshin safiyo masu rajista, kuɗin awon, wanda ɗan ƙaramin kaso ne na jimillar kwangila, zai riƙa tsare sauran kuɗin tun kafin tifa ta farko ta juye ƙasa.